INUWAR GIGINYA A OTAL-OTAL NA GOMBE

Duk shekara idan watan azumi ya kama, ko kuwa bikin Kirsimeti ya ƙarato, teburin da muke gyaran labarai a kansa yakan cika da wani irin labari guda ɗaya, wanda yanzu ko an rufe mini ido zan iya rubuta shi. Otal kaza ya raba wa marayu buhunan shinkafa. Otal kaza ya kai ziyara asibiti da katan-katan na sabulu da madara. Otal kaza ya fito da ma'aikatansa sun share titi ranar Asabar. Kowane labari yana zuwa da hotonsa: ga manaja ya sha babbar riga yana murmushi, ga buhu an jingine shi yadda tambarin otal zai fito sosai, ga kuma wata baiwar Allah ta durƙusa tana karɓa. Sunan da suka laƙaba wa wannan abu da Turanci yana da tsawo, amma ma'anarsa ita ce haƙƙin da jama'a suke da shi a kan kamfanin da yake neman arziki a cikinsu. Mukan gyara rubutun, mu sa masa kanu, mu miƙa wa masu ɗab'i. Sai dai a duk shekarun da na yi ina wannan aiki, akwai mutum guda da ban taɓa ganin an tsayar da shi a tsakiyar hoton ba, watau yaron da ya sauko da buhunan daga mota, wanda mai yiwuwa ne wata biyu ke nan rabonsa da albashi.

A kan wannan yaro nake so mu yi magana yau, kuma na zaɓi garin Gombe ne domin a can na san shi ido da ido. Na san wani zai ce, mu da muke zaune a Agege da Idi-Araba da Obalende, da Sabo ta Badun, da Anaca da Fatakwal, ina ruwanmu da otal-otal na Gombe? To, 'yan'uwa, da ruwanmu har da tsakinmu. Mu ne muke cika ɗakunan nan idan mun je gida Sallah ko ɗaurin aure, cikinmu akwai waɗanda Allah Ya buɗa wa a kasuwar shanu ko ta canji har sun fara tunanin gina nasu masaukin a gida, kuma ƙannenmu da 'ya'yan 'yan'uwanmu ne suke share ɗakunan. Bayan haka ma, da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi gadi suke yi a ƙofar wasu otal-otal na Ikko, sun san zafin abin fiye da yadda zan iya bayyana shi.

A ƙarshen shekarar 2024 na je gida ɗaurin auren wani ƙanena. Gida ya cika maƙil da baƙi, sai na kama ɗaki a wani otal mai matsakaicin girma, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Wani saurayi ne ya ɗauki jakata da la'asar. Shi ne ya kawo mini ruwa a bokiti wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare sa'ad da famfo ya ƙi zuwa. Da na fito sallar asuba na tarar da shi yana goge daɓen baranda, kuma da hantsi shi ne dai ya kawo shayi. Na ce masa, “Samari, kai ba ka tashi daga aiki ne?” Ya ce, “Yallaɓai, wanda zai karɓe ni ya ajiye aiki tun makon jiya, ba a ɗauki wani ba tukuna.” Da na tambaye shi albashinsa, sai da ya waiga hagu da dama kafin ya faɗa mini, kuma abin da ya faɗa bai kai kuɗin da na biya na kwana biyu ba. A cikin wannan ɗan abin ma an yanke masa kuɗin tawul da wani baƙo ya yi gaba da shi. Yaron nan yana da takardar difloma, ya shekara biyu a wurin, amma babu ko ƙyallen takarda da ke nuna an ɗauke shi aiki. A bangon wurin karɓar baƙi kuwa, sama da kan akawu, ga hoton rabon shinkafa nan an sa shi cikin gilashi.

Hausawa sun daɗe da raɗa wa irin wannan hali suna, suka ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Ni ba na ƙin a taimaki maraya, kuma duk wanda ya ciyar da mai yunwa Allah Ya saka masa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗebi haƙƙin wanda ke cikin gida a yi kyauta da shi a waje, sa'an nan a kira 'yan jarida su zo su yi shaida. Ma'aikacin otal shi ne mutum na farko a cikin wannan al'umma da ake cewa ana kyautata mata. A Bolari ko Pantami ko Jekadafari yake haya, a nan 'ya'yansa suke makaranta, a babbar kasuwa matarsa take awo. Albashinsa idan ya cika kuma ya zo kan lokaci, sau goma sha biyu a shekara yake shiga unguwa, ya ratsa hannun mai gidan haya da mai shago da mai Keke Napep da malamin makaranta. Buhun shinkafa kuwa sau ɗaya yake zuwa, kafin Sallah ya ƙare.

Yana da kyau mu tuna yadda aka yi Gombe ta zama garin otal, domin mu ga ko wane ne yake bin wani bashi. Garin da aka mayar da hedkwatar masarauta cikinsa a 1919 ya yi suna ne da auduga da gyaɗa da fatauci, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960. Amma babban abin da ya sauya shi shi ne ranar 1 ga Oktoba, 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauci. Daga nan ma'aikatu suka zo, bankuna suka zo, 'yan kwangila suka biyo baya. A zamanin Gwamna Ɗanjuma Goje, tsakanin 2003 da 2011, aka kafa Jami'ar Jihar Gombe, aka gina filin jirgin sama a Lawanti, aka kuma gina Gombe International Hotel da kuɗin jama'a. A zamanin Gwamna Ibrahim Hassan Ɗankwambo aka ƙara da babban zauren taro na ƙasa da ƙasa. Ga shi kuma Allah Ya ajiye jihar a tsakiya, ta yi iyaka da dukkan sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas, watau Bauci da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba.

Sa'an nan sai masifar Boko Haram ta zo. Gombe ma ta sha nata rabon, ba mu manta da bam ɗin tashar Dukku na Disambar 2014 da na babbar kasuwa na Yulin 2015 ba, amma duk da haka ta fi maƙwabtanta kwanciyar hankali, saboda haka tarurruka da bitoci na ƙungiyoyin agaji da na gwamnati da yawa suka riƙa sauka a cikinta. Wannan masifa ta kawo wa masu otal abu biyu a lokaci guda: ta kawo baƙi masu biyan kuɗin ɗaki da na zaure, ta kuma kawo dubban mutanen da suka baro gidajensu, waɗanda za su karɓi kowane irin aiki a kan kowane irin lada. Hanyar da baƙo ya biyo, da filin jirgin da ya sauka, da ruwan Dadin Kowa, da zaman lafiyar da ya sa ya zaɓi garin, babu ko ɗaya da mai otal ya yi da kuɗin aljihunsa. Ashe kuwa bashin da jama'a suke binsa ya wuce buhu hamsin.

To, me doka ta ce? Na kawo wannan ne domin yawancin abin da ake roƙon masu otal su yi don Allah, tilas ne a kansu tun tuni. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1974, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda a rubuce cikin wata uku da fara aiki, mai bayyana irin aikin, da lada, da sa'o'in aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Ta ce kada tsakanin biyan albashi da wani ya wuce wata guda. Ta ce a cikin kowace kwana bakwai a ba shi hutun yini guda cur, wanda ya shekara yana aiki a ba shi hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa, mara lafiya kuma a biya shi har kwana goma sha biyu a shekara idan likita ya tabbatar. Mace mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Game da tawul ɗin da aka yanke wa yaron nan kuwa, doka ta hana cin ma'aikaci tara daga albashinsa, kuma ko da shi ne ya jawo hasara da gangan ko da sakaci, ba a yanka sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Ina so in san manajoji nawa ne a Gombe suka taɓa taka ƙafa ofishin ƙwadago neman wannan izini.

Mafi ƙarancin albashi ma ba kyautar kowa ba ne. Sai da Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa a ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta yi yajin aikin gama-gari a watan Mayu na 1981 kafin aka sami Naira 125. Ya koma Naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, a watan Yuli na 2024 kuma aka sa hannu a kan Naira 70,000. Amma a cikin dokar akwai wata kafa wadda ta isa raƙumi ya wuce da kayansa: duk ma'aikatar da ba ta kai mutum 25 ba, dokar ba ta hau kanta ba. Saboda haka abu ne mai sauƙi mai otal ya rubuta mutum 24 a littafi, masu gadi ya ce na wani kamfani ne, masu wanki ya ce 'yan jinga ne, sauran kuma ya kira su 'yan wucin gadi ko da sun yi furfura a wurin. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikata mai mutum 15 ko fiye ta zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Dokar diyya ta 2010 ta ce a biya kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, domin ranar da tukunyar gas ta ƙone kuku ko wuta ta ja mai gyaran janareta.

Bari mu yi lissafi a fili, domin masu otal suna son lissafi. Ma'aikaci guda a kan Naira 70,000, da fanshonsa 7,000, da kuɗin diyya 700, ya kama Naira 77,700 a wata. Otal mai ƙananan ma'aikata 30 zai biya Naira 2,331,000 ke nan. Kowane mai otal ya ɗauki wannan adadi ya aza shi kusa da abin da yake kashewa kan man janareta a wata, ko kusa da kuɗin hayar zaurensa na bikin aure a watan Disamba, ya gaya wa kansa gaskiya. Kuma kada a manta, Naira 70,000 ɗin nan idan aka raba ta kwana talatin, ba ta kai Naira 2,400 a yini ba, a ƙasar da tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024.

Ba zan yi wa masu otal rashin adalci ba, suna da nasu kukan kuma ba na ƙarya ba ne. Annobar korona ta 2020 ta rufe musu ƙofa wata da watanni. Cire tallafin man fetur da aka yi ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ɗaga farashin kome, daga tumatir har zanen gado. A watan Afrilu na 2024 aka ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga waɗanda suke kan layin da ake kira Band A, ga dizal, ga sayen ruwa a tanka idan famfo ya ɗauke, ga harajin kashi 7.5 cikin 100, ga na jiha, ga na ƙaramar hukuma, kowa da rasit ɗinsa. Akwai kuma watannin da ɗakuna suke kwana babu kowa sai sauro. Duk na yarda. Amma ga tambayata: a cikin duk waɗannan masu bin kuɗi, wane ne ake ce wa ya yi haƙuri sai wata mai zuwa? Mai dizal ba ya juye mai sai ya ga kuɗi. Kamfanin lantarki na Jos yanke waya yake yi. Jami'in haraji da kwaɗo yake zuwa. Mutum guda ne tak ake cin bashinsa ba da yardarsa ba kuma babu ranar biya, shi ne wanda ya fi kowa talauci a harabar. Wanda kasuwarsa ba ta iya tsayuwa sai da yunwar yaransa, to, yaran nan su ne masu jarin, ya kamata a fara raba riba da su.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan sana'a ta saukar baƙi ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma ku mazauna Kudu kun fi kowa sanin haka. Tun kafin a san wani abu wai shi otal, akwai maigida a zango. A Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, maigida shi ne yake saukar da falke mai shanu ko mai goro, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan an sayi kaya bashi. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a kan haka a 1969. Maigidan nan ya san cewa duk martabarsa tana hannun yaransa da dillalansa, domin su ne suke taɓa dukiyar baƙo. Saboda haka yakan ciyar da su, ya ɗinka musu kayan Sallah, ya yi musu aure, wanda ya nuna hazaƙa kuma wata rana ya zama maigidan kansa. Ba na cewa zamanin nan babu zalunci a cikinsa, yaron gida ba shi da takarda, ba shi da kotun da zai kai ƙara. Amma aƙalla akwai kunya, maigidan da yaronsa ya kwana da yunwa ba ya iya ɗaga kai a majalisa. Mai otal na yau ya yar da wannan kunya ta iyaye, ita kuma takardar Bature ya ƙi ɗauka.

Sai maganar kuɗin hidima. Duk wanda ya taɓa cin abinci ko kwana a babban otal ya ga wani kashi 10 cikin 100 da akan ƙara a ƙasan rasit, baƙo kuma yana biya da zaton yana tafiya ne ga waɗanda suka yi masa hidima. Ina yake shiga? A inda ƙungiyar ma'aikata take da ƙarfi, akwai yarjejeniya kan yadda ake raba shi, kuma ana buɗe littafi kowa ya gani. A inda babu ƙungiya, sai abin da maigida ya ga dama, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Ingila sai da aka kafa doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2024, ta tilasta wa masu otal da gidajen abinci su miƙa wa ma'aikata duk tukuici da kuɗin hidima ba tare da rage ko kwabo ba. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ma tun 1991 ta fitar da yarjejeniya mai lamba 172 a kan ma'aikatan otal, wadda ta ce tukuici ba ya maye gurbin albashi, tilas ne a biya lada tsayayye a kan lokaci tsayayye.

Akwai wani ciwo kuma da ya keɓanta da mu 'yan Arewa, wanda mu ne da kanmu muke ƙara masa gishiri. Har yau da yawa daga cikinmu idan aka ce otal, giya da alfasha ne suke fara zuwa musu a rai. Yarinyar da take tsayuwa sa'a goma sha biyu a wurin karɓar baƙi domin ta biya wa ƙannenta kuɗin makaranta, a unguwa ɓoye wurin aikinta take yi kada ta rasa mijin aure. Idan baƙo ya yi mata maganar banza, manaja zai ce baƙo sarki ne, a gida kuma za a ce wa ya aike ta. Mutumin da yake jin kunyar faɗin inda yake aiki, yaya zai fito fili ya nemi haƙƙinsa? Masu otal sun san da haka sarai, kuma suna cin moriyarsa. Mu kuma da muke kwana a ɗakin da ta gyara, mu fito muna yi mata kallon banza, muna da namu kason a cikin alhakin.

Yanzu an shiga yayin auna abin da ake kira gamsuwar ma'aikaci da aikinsa. Ɗalibai sukan zo da takardun tambayoyi, su miƙa wa manaja, manaja ya raba wa yara, yara su cika a gabansa. Wane mahaukaci ne zai rubuta bai gamsu ba? Wanda yake son ya san gaskiya ya ƙirga mutum nawa suka riƙe aiki guda a cikin shekara ɗaya, wannan awo ba ya ƙarya. Tun a 1959 wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya nuna cewa abin kashi biyu ne. Akwai albashi da yanayin wurin aiki da halin shugaba, waɗanda idan suka lalace ma'aikaci ba zai taɓa samun natsuwa ba. Akwai kuma yabo da ƙarin girma da jin cewa aikin yana da daraja, waɗanda su ne suke sa mutum ya so aikinsa. Masu otal namu sun tsallake na farkon sun kama na biyu domin ya fi araha, shi ya sa za ka ga hoton gwarzon ma'aikaci na wata a bango, alhali gwarzon bai karya kumallo ba. Ƙarin girman ma ina yake? Akwai cibiyar koyar da aikin otal ta Gwamnatin Tarayya, NIHOTOUR, mai makaranta a Bagauda ta Jihar Kano. Otal ɗin da ya tura mai shara guda ya koyo girki ko kula da ɗakuna, ya dawo ya zama shugaban sashe, ya yi wa garin Gombe abin da ya fi share titi ranar Asabar.

Kuma ko don riba ma ya kamata su yi. Kamfanin Marriott, wanda ya fara da ɗan shagon sayar da abin sha a birnin Washington a 1927, ya gina sunansa ne a kan cewa idan ka kula da ma'aikaci shi zai kula da baƙo, baƙo kuma zai dawo. Otal ba ya sayar da siminti da tayil, hannun mutum da fuskarsa yake sayarwa, fuskar mai yunwa kuwa ba ta ɓoyuwa. Sai dai kada wani ya ɗauka kirari kaɗai ya isa, domin su ma ma'aikatan Marriott ɗin sai da dubbai daga cikinsu suka yi yajin aiki a biranen Amurka a 2018. Wannan ya kawo mu ga Ƙungiyar Ma'aikatan Otal ta Ƙasa, wadda take nan tun gyaran ƙungiyoyin ƙwadago na 1978. Ina kira gare ta, da reshen NLC na Jihar Gombe, su tuna cewa ma'aikaci ba na sakatariya ne kaɗai ba. Ma'aikacin gwamnatin jiha ya sami sabon albashi da ya ɗan haura Naira 71,000 a ƙarshen 2024 domin yana da masu yi masa magana. Mai wankin zanen gado a bayan otal a Tumfure yana jiran ranar da wani zai shigo ya tambayi sunansa.

Ita ma gwamnatin jiha ba ta da hujjar naɗe hannu. A watan Yuli na 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da aka yi tsakanin Gwamnatin Tarayya da Jihar Ikko, cewa rajista da ba da lasin da tantance darajar otal-otal hurumin jihohi ne. Tun da lasin yana hannun jiha, me zai hana a ce ba a sabunta shi sai an ga takardun ɗaukar ma'aikata, da shaidar biyan albashi ta banki, da shaidar an sa su cikin tsarin kiwon lafiya na GoHealth? Gwamnatin Tarayya ta daɗe tana neman takardar shaidar biyan fansho da ta NSITF daga 'yan kwangila kafin ta ba su aiki, saboda haka ba sabon abu ba ne. Bugu da ƙari, gwamnati da ƙungiyoyin agaji suna cikin manyan masu hayar ɗakuna da zauruka a garin. Abin dariya ne, da ban takaici, a yi bitar kwana uku a kan yaƙi da talauci a zauren da mai zuba wa mahalarta shayi yake bin albashin wata biyu. Jihar Gombe ta zo ta ɗaya a ƙasar nan wajen sauƙin gudanar da kasuwanci a 2021, ta sake zuwa ta ɗaya a 2023, muna kuma alfahari da haka. Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ɗan kasuwa ne tun kafin ya shiga siyasa, ya san littafin albashi idan ya gan shi. A fara da otal-otal ɗin da aka gina da kuɗin jama'a, su buɗe nasu littafin kowa ya gani, sauran su bi sahu.

Mu kuma da muke zuwa daga Kudu da 'yan kuɗinmu a aljihu, akwai abin da yake hannunmu. Idan ƙungiyar 'yan asalin gari ko ta 'yan kasuwa za ta kama ɗakuna ashirin domin biki, shugabanta yana da bakin da zai tambayi manaja ko an biya yara albashin watan jiya, kuma manajan da yake ganin kuɗin ɗaki ashirin zai amsa. Tukuici a damƙa shi a hannun wanda ya yi aikin. Alhajin da yake shirin aza harsashin nasa otal a hanyar Bauci ko ta Biu, ya sa albashi da fansho cikin lissafi tun kafin ya sayi fitilun ado daga Dubai. Ni ma a nawa teburin na ɗauki alkawari, duk labarin rabon shinkafa da ya zo daga wani otal, sai na buga waya na tambayi ranar da aka biya albashi na ƙarshe kafin in sa masa kanu.

Da na koma gida Babbar Sallah ta 2025 na biya ta otal ɗin nan na tambayi saurayin da ya kawo mini ruwa a bokiti. Maigadi ya ce ai tun kafin azumi ya haɗa kayansa ya hau motar Ikko, ya bar albashin wata guda da rabi a hannunsu, wanda yake kan aikin yanzu shi ne na uku bayansa. Hoton rabon shinkafa yana nan a bango, an ma ƙara wani sabo kusa da shi. Shi kuwa yaron, in ji maigadi, wani ɗan garinsu ya samo masa gadi a wajen Agege.